Ɗorin da Na Yi wa Marka a Ƙasar Gurabe

Da sunan Wanda ya jera ƙashi bisa ƙashi, ya ɗaure da jijiya, ya lulluɓe da tsoka, bai nemi shawarar kowa ba. Bayan haka, ni ne Arzika maɗori, kuma abin da zan ba ku labari da idona na gan shi, da hannuna na ɓata shi, da hannun nan dai kuma na yi ƙoƙarin gyara shi. Wanda ya ga dama ya yarda. Wanda bai ga dama ba ga hanya nan, ban riƙe rigar kowa ba.

Ni ɗori ban gaje shi ba, haye na yi. Ubana majemi ne. A kan kaji na fara, na koma awaki, na koma jakuna, kafin wani ɗan Adam ya yi ƙundumbala ya miƙo mini hannunsa. Ranar da na ɗora ƙafar wani mahauci wadda 'yan gado suka ɗaure sau biyu tana gocewa, Sarkin Ɗorin garinmu ya kira ni gaban jama'a ya ce ɗan haye ko ya dace, sa'a ce. Na ce masa sa'ar da ke zuwa kullum ai ita ake kira iyawa, kuma da gado ne ke haɗa ƙashi, da ƙanensa ba ya ɗingishi. Kafin la'asar aka ce in bar garin. Na ce da ma na gaji da ƙasusuwanku, duk iri ɗaya ne, zan je in ga ƙashin kowace halitta da ke bayan ƙasa.

Na rataya jakata, da tsagaggen gora a ciki da tsumma da tandun man kaɗanya, na kama hanya. Shekara huɗu ina tafe. Na ratsa ƙasar da mutanenta ba su da ƙashi ko ɗaya, in sun gaji sai su zuba kansu cikin tulu su huta. Can yunwa ta kusa kashe ni, don ba mai karyewa. Na ratsa wata inda ƙashi ke waje tsoka na ciki kamar ƙaguwa, can kuma maƙera ke ɗori, suka raka ni da guduma. Daga nan na shiga jirgin wasu masunta, teku ta yi yadda ta so da mu kwana tara, ta tofar da ni ni kaɗai a gaɓar wata ƙasa.

Da na hau tudu na duba, sai ga fili shimfiɗe iyakar ganina, an haƙa masa gurabe a jere kamar na dara, sai dai kowane gurbi zai ci gida guda har da rumbunsa. A gefen filin kuma duwatsu ne tsaitsaye, dogaye da gajeru, ɗaruruwa, duk sun fuskanci ciki kamar 'yan kallo.

Ina gangarowa da hantsi na tarar da wata mace sume a gindin gangare, ƙasa ta zabtaro mata. Fuskarta ta mutane, hannuwanta na mutane, zanen saƙi a jikinta har ƙasa. Ƙafarta ta hagu ce kaɗai a waje, kuma abin da na gani ya sa na yi salati. Gwiwar ta juya baya, ƙwaurin ya tsage, ƙashi na neman huda fata.

Ƙa'idar ɗori ta farko, wadda ko mai ɗora kaza ya sani, ita ce ka dubi lafiyayyar gaɓa kafin ka taɓa mai ciwo. Lafiyayyar tana ƙarƙashin zane. Na ce a raina, ni baƙo, mace a sume, ba kowa kusa, in ɗaga mata zane? In wani ya ɓullo me zan ce? Wannan ita ce hujjar da na daɗe ina ba mutane. Gaskiyar magana kuwa, ko zanen babu ba na jin zan duba. Ƙafa nawa na ɗora a duniya? Na danne cinyar, na ja, na murɗa, na miƙe ta samɓal kamar taɓarya, na shafa mai, na jera gora, na ɗaure. Na koma inuwa na zauna ina jiran godiya.

Sai da rana ta karkata ta farfaɗo. Ta dubi ƙafar, ta daɗe tana duba, sannan ta dube ni.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, baiwar Allah. Ba sai kin wahalar da bakinki da godiya ba."

Ta janye zanen daga ɗayar ƙafar. Lafiyarta lau, kuma a lanƙwashe take baya kamar ta barewa, da dogon ƙwauri da yatsu uku.

"Ita ma za ka gyara mini, ko ka gaji?"

Abin da na ɗauka gwiwa ce ta juya, ashe dunduniya ce, a sama take kamar ta akuya. Tsagar ƙwaurin ce kaɗai ciwon. Ni da na ɗora ƙafar akuya ta fi ɗari. Fuskar mutum na gani, idona ya rufe. Da yake kunya a wurina fushi take komawa, sai na ce, "To ke ma, ki kwanta a hanya da fuskar mutane da ƙafar dabba? Ai sai ki rataya alama."

"Na yi laifi," in ji ta. "Gaba in ƙasa za ta faɗo mini zan ce ta jira in rubuta wa baƙi wasiƙa."

Sunanta Marka. Ta ce a ƙasarsu jikin kowa shi ne dokarsa. Sau biyu a shekara mutanen Gabas da na Yamma kan shiga filin nan su yi wasa, wanda ya ci a karkatar da kogi zuwa gonakinsa, kuma su da kansu ne 'ya'yan wasan. Masu faɗi kamar faifai su tare hanya. Masu dogon wuya, Hangawa, su hango motsin abokan gaba. Mulmulallu, Mirginawa, su gangara su take abin da ke gabansu. Ita kuwa cikin Tsallakawan Gabas take, masu ƙetare gurbi biyu a tsalle ɗaya. Kafin kowane wasa Mai Awo kan zo da igiyarsa ya auna kowa, ya sa shi ya yi tafiyar jinsinsa. Wanda ya kasa, a kai shi gefen fili a tsayar. Ƙasar wurin tana shanye ɗumin jiki, wata uku mutum ya daskare.

Ta nuna mini duwatsun. "Na uku daga itacen can, mai ɗan doro, yayana ne. Ƙaya ce kawai ta ruɓar masa da yatsa ɗaya. Saura kwana bakwai awo."

Na zabura na ɗauki dutse. "Kawo ƙafar in karya in sake. Yanzu na ga ɗayar."

"Ajiye, maɗori. Ƙashinmu ba ya jiran kwana arba'in, tsakanin hantsi da la'asar ya kama, naka ɗaurin ya riga ya kama. Amma sau biyu yake kamawa a rayuwa, na uku rududdugewa yake. Ka cinye mini ɗaya. Fatar ka gani, ka san abin da ke ciki?"

Ban sani ba. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da bakina, kuma bai yi mini daɗi ba.

Ta ce a can ƙarshen fili, kan Dutsen Yumɓu, akwai wata tsohuwa, Iya Gwamma, mai ajiyar zubin ƙasusuwan kowane jinsi. Kwana uku ne a ƙafa, kuma a gindin dutsen ake awon. Na durƙusa na ce ta hau bayana.

"Ɗazu zanena ka kasa ɗagawa, yanzu goyo?"

"Hau ko in bar ki."

Ba ta fi damin kara nauyi ba. Bakinta ne mai nauyi.

Rana ta biyu muka shiga yankin Yamma, wani Bamirgine ya gan mu. Ku ɗauka randa ce mai girman ɗaki, da fuska a tsakiya, ba hannu ba ƙafa. Ya yi gurnani ya gangaro. Na zuba da gudu, ƙasa na rawa a bayana, Marka na dukan kafaɗata tana cewa da ƙafarta ce da tuni ta sha ruwa a gida. Da na ji numfashina zai ƙare sai na waiga, na dube shi irin kallon da ya kamata in yi wa ƙafarta tun farko. Ba idon sawu, ba ƙugu, ba wata gaɓa da zai juya da ita. Na tsaya cik, na bari ya matso, na ja gefe taku uku. Ya wuce kamar aradu, bai tsaya ba sai da ya yi karo da wani tudu can nesa, muna jin zaginsa.

"Ashe kana da ido," in ji Marka. "A jaka ka ajiye shi rannan?"

Rana ta uku muka iso mashigin kogi, inda Hangawa biyu na Yamma ke gadi don kada wani na Gabas ya je wurin tsohuwa kafin awo. Wuyansu ya kai giginya, tun safe suke kallonmu suna kiran Mirginawa. Na zauna na ƙare wa wuyan kallo. Ƙashi bakwai ne dogaye, suna juyawa dama da hagu, amma babu inda za su sunkuya. Na ce wa Marka ta riƙe ni da kyau, na nufe su kai tsaye. Da ya rage taku hamsin mu isa gare su sai muka fita daga ganinsu. Muka bi ta tsakanin ƙafafunsu muka tsallaka ruwa, ɗayan na ce wa ɗan'uwansa ƙasa ta haɗiye mu, ɗayan na cewa da ma aljanu ne.

Iya Gwamma ta tsufa har idanunta sun tafi sun bar ta. Hannuwanta huɗu, biyu na riƙo biyu na gini. Rumfarta cike da ƙasusuwan yumɓu a rataye, kowane jinsi da layinsa. Ta shafa ƙafar Marka daga cinya har yatsu.

"Ɗauri mai tsabta," ta ce. "Da ƙafar wani ce da na yaba. Kai ne, ɗan nan?"

"Ni ne, Iya."

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa."

"Na ji alama."

Ta juye mini ƙasusuwa goma sha ɗaya a faifai, na ƙafar Tsallakawa, ta ɗaure mini ido da tsumma ta ce in haɗa, don a cikin tsoka ido ba ya aiki. Na haɗa, ta shafa, ta watsar. Na sake, ta watsar. Kwana biyu muna haka. Akwai wani ɗan ƙashi kamar ƙwallon dabino a bayan dunduniya, shi ke riƙe jijiyar tsalle, kuma duk sanda na zo kansa sai hannuna ya kai shi inda ƙoƙon gwiwar mutum yake. A karo na ashirin da wani abu zuciya ta ɗebe ni, na yi jifa da faifan, na ce ni ba yaro ba ne, na ɗora sarakuna, na ɗora 'yan dambe.

Tsohuwa ta ce, "Fasa, ɗan nan, yumɓu ne, gobe in gina wani. Waccan ta zaune fa, wa zai gina mata?"

Na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Da azahar ɗin ranar na haɗa sau uku a jere ba ta watsar ba.

Washegari da hantsi, ina jiƙa tsumma, Iya Gwamma ta ce, "Marka, kafin ya taɓa ki, akwai hanya mai sauƙi. Ya miƙe ɗayar ita ma, wannan ya iya shi. Ki tashi da ƙafa irin tasa, ki bi shi teku. A wata ƙasa ba mai auna ki. In kuwa ya karya wannan bai dace ba, ba na uku."

Ƙafar ba tawa ba ce, shawarar ma haka. Marka ta daɗe tana kallon filin daga bakin rumfa.

"Kwana uku ina bayansa, Iya, na ga yadda suke tafiya. Taku ɗaya, taku ɗaya, kai a ƙasa kamar mai neman allura. Ban taɓa sanin fili na da tsawo haka ba. Ni daga sama na san shi." Ta miƙo ƙafar. "Karya, maɗori. In ka ji na zagi ubanka kada ka tsaya."

Ta zage shi, Allah ya jiƙansa, har da kakana. Na karya inda na ɗaure, na rufe idona da kaina, na bi ƙasusuwan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har na kai ɗan ƙwallon nan gurbinsa. Na lanƙwasa gora a wuta ta bi siffar ƙafar, na ɗaure. Ban iya zama ba har la'asar.

Da muka kwance, siffa ta fito daidai, kamar an tsaga kara da ɗayar. Sai dai inda ƙwaurin ya tsage tun farko, jan da na yi masa ya cinye wani abu. Ta hagu ta gaza ta dama da yatsa biyu.

Marka ta sauka bakin fili, ta tsaya a gurbi, ta tattara jikinta ta tashi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan tashin ba. Ta ƙetare gurbi biyu, amma da za ta sauka gajeriyar ƙafar ta ja ta, ta dira a gurbin hagu. Ta sake. Hagu.

Ranar awo jama'a ta cika gindin dutse. Mai Awo siriri ne kamar igiyar da ke hannunsa. Ya auna Marka, ya ce, "Gajarta yatsa biyu. Yi tafiyarki." Ta yi, ta dira hagu. Ya naɗe igiyarsa ya ce, "Gefe."

Na kutsa gaba. Zuciyata na tafasa, amma na danne ta, don na san wannan karon in na zubar ba ni zan kwashe ba.

"Ranka ya daɗe, ni baƙo ne jahili, tambaya nake. Mene ne doka a nan, igiya ko jiki?"

"Jiki. Igiya shaida ce kawai."

"To Bamirgine na farko da zubinsa, wa ya riga wani?"

Iya Gwamma ta amsa daga bayan taro, "Jiki aka shafa aka yi zubi. Ban taɓa gina abin da babu ba."

"To wannan jikin yana da tafiya. Ba ta Tsallakawa ba ce, na yarda, kuma ni na ɓata ta, ba ita ba. Amma in rauni ne, yau zai kai ta hagu, gobe dama, jibi ƙasa. In kuwa kullum gurbi ɗaya yake kai ta, ranka ya daɗe, me ya raba shi da doka?"

Mutanen Yamma suka yi ca. Mai Awo ya ɗaga hannu, ya daɗe yana murza igiyarsa.

"Bakinka ya fi hannunka iya ɗori, baƙo. Tsalle bakwai, daga gurabe bakwai. Kafin kowanne zan kafa sanda inda ya kamata ta sauka. Ta kuskure ɗaya, gefe. Ka kuma lura, kai ke magana, ita ke tsalle." Ya juya gare ta. "Kin yarda?"

"Kafa sandarka," in ji Marka.

Na farko ta dira kan sanda. Na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar na ga ƙafar ta fara kumbura a wurin ɗorin, na san me hakan ke nufi, ita ma ta sani. Na shida ta dira a leɓen gurbin, ta yi tangaɗi, hannuwanta na iyo a iska, sannan ta faɗa ciki. Ta tashi tana haki. Aka kafa ta bakwai. Ta dube ni ta ce, "In na faɗi, ka tsayar da ni kusa da yayana, kada ka bari su kai ni nesa." Ta tashi sama. Na rufe ido, sai ƙarar karyewar sanda na ji.

Mai Awo ya ƙulla sabon ƙulli a igiyarsa, shaidar sabon jinsi. Iya Gwamma ta zo da ɗanyen yumɓu ta manna a ƙafar ta ɗauki siffarta. Da aka jera 'yan wasa, Tsallakawa suka matsa suka haɗe layinsu, ba da mugunta ba, doka ce. Marka ta tsaya a nata layin, ita kaɗai.

Gabas suka ci wasan kafin azahar, don duk Yamma ba wanda jikinsa ya san yadda ake tare mai sauka a gefe. Aka karkatar da kogi, aka yi ta kiɗa.

Washegari da sassafe ta same ni ina wanke tsummana.

"Sarkin Gabas ya zaɓi Tsallakawa goma sha biyu. Da hantsi za a kawo maka su ka karya musu ta hagu. Za ka iya sake irin wannan?"

"Wallahi ban san yadda na yi ba, Marka. Ko na sani, lafiyayyar ƙafa ba ta shiga hannuna."

"Haka na zata. Akwai jirgin masu gishiri a gaɓa, in ka ɗaga ƙafa za ka same shi. Tashi in taka maka."

Hanyar gaɓa miƙaƙƙiya ce. Na kama hanyar da takuna ɗaya-ɗaya, ita kuma ta yi tsalle don ta jera da ni, sai ta dira hagu da hanya. Ta sake, ta ƙara nisa. A na uku sai da ta ɗaga murya kafin in ji ta.

"Iyakar rakiyata ke nan, maɗori. In na ƙara ɗaya sai ka neme ni."

Na ɗaga mata hannu, ta ɗaga mini. Har na hau tudu ina waige, tana nan tsaye a gurbin da ba wanda ya taɓa sauka a cikinsa ta wannan hanya.

Abin da na gani a ƙasar Gurabe ke nan. Inda na ƙara gishiri Allah ya yafe mini, inda na rage kuwa kunya ce ta rage.